MP3, AAC, Opus ko FLAC: wanne ya dace da waƙar da za ka tura intanet?

Waƙa mai tsawon minti huɗu, idan aka bar ta yadda take a faifan CD, nauyinta ya haura MB 42. Ita dai wannan waƙar, idan aka matse ta da Opus, ɗaya daga cikin tsare-tsaren rage nauyin fayil ɗin sauti, a kan 96 kbps (wato kilobit 96 na data a kowane sakan), ko MB 3 ba ta cikawa. Duk gardamar da ake yi kan ingancin sauti da nauyin fayil tana tsakanin waɗannan lambobi biyu, kuma yawancin masu yin ta suna tsayawa ne a kan 128 kbps da 320 kbps, wacce ta fi. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: ina fayil ɗin zai sauka? Wanda za ka miƙa wa YouTube ko Spotify daban yake da wanda za ka tura wa mutum kai tsaye ya saurara a wayarsa, su biyun kuma daban suke da wanda za ka adana don gaba. Waƙa ɗaya ce, amma fayil uku take bukata, kuma wanda ya nace sai ya yi duka aikin da fayil guda yakan tashi biyu babu.

Lissafin dai ba shi da wuya. Sautin CD ana ɗaukar awonsa sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana cin bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin data), sannan hanya biyu ce, ta kunnen dama da ta hagu. In ka ninka su za ka samu kilobit 1,411 a sakan, abin da ake rubutawa 1,411 kbps, wajen MB 10 da rabi ke nan a minti ɗaya. Haka fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse ba, yake in dai a matakin CD aka fitar da shi. Don sanin nauyin fayil ɗin da aka matse kuwa, ka ninka kbps ɗinsa da yawan sakan na waƙar, ka raba gida takwas, abin da ya fito shi ne nauyin a kilobait. Waƙar minti huɗu sakan 240 ce. A 64 kbps za ta ba ka MB 1.9, a 128 MB 3.8, a 192 MB 5.8, a 256 MB 7.7, a 320 kuma MB 9.6. Ka lura ba a ambaci sunan wani tsari a lissafin ba. MP3 na 128 da AAC na 128 da Opus na 128 duk nauyinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne yadda kowanne ya iya zaɓar abin da zai riƙe da abin da zai zubar.

Domin zubarwa ake yi. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), shi ma a ƙuruciya. Da shekaru suka ja, siraran sautukan can sama su ne suke fara ɓacewa. Ko a cikin abin da yake iya ji ma, ba komai yake kamawa lokaci guda ba. Sauti mai ƙarfi yana danne mai rauni da ke kusa da shi a zango, yana kuma danne abin da ya biyo bayansa na ɗan ƙanƙanin lokaci. A kan wannan raunin na kunne manhajar matse sauti ta dogara. Tana yanka waƙar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ba ta kai ƙiftawar ido ba, ta kintaci abin da kunne ba zai lura da shi ba, ta rubuta shi sama-sama ko ta watsar da shi gaba ɗaya, sannan ta tara bit ɗinta inda kunne ya fi kula. Rubutun sama-sama yana barin ƙura a cikin sautin, gwanintar kuwa ita ce a ɓoye ƙurar ƙarƙashin kiɗan. In bit ya wadata, ta ɓuya. In ya yi kaɗan, sai ta leƙo.

Tana kuma da wuraren da take fara leƙowa. Farantan ƙarfen da mai ganga yake bugawa su ne na farko: maimakon ƙara mai tsabta sai ka ji tana rawa-rawa, ta jiƙe. Sai bugu mai kaifi da ya faɗo cikin shiru, kamar tafi guda ko sanda a gefen ganga. Ƙurar takan bazu ta riga bugun isowa, kaifinsa ya dushe. Tafin taron jama'a a waƙar da aka ɗauka a dandali yana cikin abin da ya fi wahalar da kowace manhaja, domin babu wani tsari a cikinsa da za a kintata. Haka amsa-kuwwar da take bin murya tana mutuwa a hankali, da harafin s a bakin mawaƙi. Shi ya sa lamba ɗaya ba ta yi wa kowace waƙa daidai. Wata ta wuce lafiya a 128, wata sai an ƙara mata sosai kafin ta daina nuna tabo.

MP3, da maganar 320

MP3 shi ne dattijon gidan. An wallafa ƙa'idarsa a 1993 cikin MPEG-1, kuma babban aikin an yi shi ne a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, inda Karlheinz Brandenburg yake cikin jagorori. A 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinsa bayan wa'adin mallakar fasahar ya ƙare. Abin da yake da shi wanda babu mai ja da shi guda ne: babu inda ba ya buɗewa. Tsohuwar rediyon mota, ƙaramar waya mai madannai, sifika mai cin memori, na'urar DJ, talabijin, duk sun san shi. In ba ka san da me mutum zai saurara ba, wannan kaɗai ya isa hujja.

Amma tsufansa yana nunawa. Doguwar gunduwarsa awo 576 ce, gajeriyar 192, alhali AAC yana aiki da 1,024 da 128. Ma'ana AAC ya fi shi tantance sautin da ya daɗe yana tafiya, ya kuma fi shi kama bugu mai kaifi. MP3 bai iya tsimi ba a abin da ya haura 16,000 Hz, in ya ce zai riƙe shi sai ya ci bit mai yawa, shi ya sa a 128 kbps ake yanke saman sautin a wajen 16,000 zuwa 17,000 Hz a huta. Ƙasa da 128 kuwa, ba na ba kowa shawarar MP3 don waƙar sitiriyo, wato mai hanya biyu.

Sannan ƙa'idar ta fayyace yadda za a karanta fayil ne kawai, ba ta ce ga yadda za a rubuta shi ba. Don haka manhaja biyu za su iya fitar maka da 128 biyu masu nisa da juna a kunne. LAME, wadda aka fara a 1998 kuma kyauta ce, ita aka fi yarda da ita, kuma ita ce a cikin manhajojin sarrafa sauti Audacity da FFmpeg. Tana ba ka zaɓi tsakanin CBR da VBR. A CBR kowane sakan rabonsa ɗaya, shiru ne ko hayaniya. A VBR kai za ka faɗi ingancin da kake so, ita kuma ta rage a wuri mai sauƙi ta ƙara a wuri mai wuya. Matakin V5 yakan tsaya a wajen 130 kbps, V2 wajen 190, V0 wajen 245, amma waƙar ce take yanke lambar ƙarshe. Amfanin CBR ya rage ne a watsa shiri kai tsaye, inda ake son sanin datar kowane sakan, da kuma wasu tsofaffin na'urori da suke ruɗewa wajen nuna tsawon waƙar VBR. In ba haka ba, VBR ya fi.

Sai 320, lambar da ta zama abin tinƙaho. Ba ta da laifi ta fuskar sauti, ita ce ƙololuwar abin da MP3 zai iya. Matsalata da ita ita ce ba ta kai asali ba, ba ta kuma yi sauƙi ba. Waƙar da V2 zai ba ka a wajen MB 5.7, ita sai ta ba ka a MB 9.6, ƙarin kusan kashi 70 cikin ɗari, alhali a gwajin da ake ɓoye sunan fayil mutane ƙalilan ne suke iya raba su, su ma a zaɓaɓɓun wurare. Waɗannan wuraren kuma, irin dushewar bugu, sau da yawa daga ginin MP3 ɗin kansa suke, ƙarin bit ba ya kawar da su gaba ɗaya. Kwalliya dai ba ta biyan kuɗin sabulu. Inda nake ganin gurbinta shi ne ga wanda ya neme ta da bakinsa, kamar DJ ɗin da na'urarsa ba ta karanta FLAC, ko mai sayen da hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga lambar.

AAC

AAC ya fito a 1997 a matsayin magajin MP3, da hannun Fraunhofer da Dolby da Sony da AT&T a ciki. Shi ne yawanci a cikin fayil mai ƙarewa da .m4a, shi ne kuma sautin mafi yawan bidiyon MP4. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 da AAC na 128 kbps, ya fara ɗaga shi zuwa 256 a 2007, kuma 256 ɗin ce Apple Music yake bayarwa ga wanda bai kunna sauti marar asara ba, wato wanda ba a zubar da komai daga cikinsa ba. Kowace wayar zamani, Android ko iPhone, tana buɗe shi ba tare da an sauke komai ba. A 128 kbps AAC mai kyau ya fi MP3 na 128 a fili, a 256 kuwa ya wuce inda kunnen kusan kowa zai kama wani abu. Ga wanda masu sauraronsa duk da wayar zamani suke, AAC tsakanin 128 da 160 yana yin aikin da MP3 sai ya fi haka nauyi zai yi.

Sharaɗinsa shi ne manhajar da ta rubuta shi. Ta Apple da ta Fraunhofer mai suna FDK su ne a gaba. Wadda take zuwa a cikin FFmpeg ba ta kai su ba a ƙaramin ma'auni, kuma da yawa daga cikin manhajojin canza fayil na kyauta ita ce a cikinsu ko ba su faɗa ba. In da ita kake aiki, ka ba ta sarari, kada ka matse ta a 96.

Akwai wani reshe nasa mai suna HE-AAC da yake ruɗa mutane, domin sunan yana sa a ɗauka ya fi na yau da kullum. Shi ba ya adana saman sautin sam. Ƙasan yake riƙewa tare da 'yan bayanai, sai na'urar mai sauraro ta ƙirƙiro saman daga ƙasan. A 32 zuwa 64 kbps wannan dabara ce mai kyau, shi ya sa gidajen rediyon intanet suke son sa. Amma saman da aka ƙirƙira ba zai taɓa zama na asali ba komai bit ɗin da ka ƙara. In kana da halin 96 zuwa sama, ka koma AAC-LC, wato na yau da kullum.

Opus

Opus shi ne ƙarami a shekaru kuma shi ne ya fi su tsimi. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta amince da shi a 2012 cikin takarda mai lamba RFC 6716. An haɗa shi daga fasaha biyu: SILK ta Skype, wadda aka gina don magana, da CELT ta gidauniyar Xiph.Org, wadda aka gina don kiɗa. Yana aiki daga 6 har zuwa 510 kbps, kuma babu kuɗin lasisi a kansa. Kusan kowa yana jin sa kullum bai sani ba, domin shi ne a saƙon murya na WhatsApp, shi ne kuma sautin da YouTube yake turo wa dimbin masu kallo. A gwajin sauraro na jama'a da masu dandalin HydrogenAudio suka shirya a 2014 a kan 96 kbps, Opus ne ya zo na ɗaya, AAC na Apple ya biyo shi, wani tsarin mai suna Vorbis da MP3 suna baya, duk da cewa MP3 ɗin an ba shi fifikon kusan 128 kbps. Su kansu Xiph.Org suna cewa a 128 kbps da wuya a raba shi da asali.

Abu biyu game da shi sukan tsorata mai duba lambobi: yana mayar da komai zuwa awo 48,000 a sakan, yana kuma yanke abin da ya haura 20,000 Hz. Babu ɗaya a ciki da kunne yake ji. Rauninsa na gaskiya yana wajen buɗewa. Android ya san shi tun sigar 5.0, Chrome da Firefox da VLC ma haka, amma rediyon mota da ƙananan sifikoki da tsofaffin na'urori da yawa ko ganin fayil ɗin ba za su yi ba, a na'urorin Apple kuma sau da yawa sai an nemi wata manhaja. Don haka wurinsa shi ne inda kai kake riƙe da abin kunnawar, kamar shafinka ko manhajarka, ko inda ka san mai karɓa sarai.

Vorbis, yayan Opus daga gida ɗaya, ya kai sigarsa ta 1.0 a 2002, kuma da shi Spotify ya daɗe yana aiki a matakan 96 da 160 da 320. Yana da kyau, amma ban ga dalilin fara sabon aiki da shi yau ba.

FLAC da abin da ya fi CD

FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, ba ya zubar da komai. Matsewa yake yi irin ta ZIP, amma wadda aka tsara don sauti, in aka warware shi sai WAV ɗin ya dawo bit da bit. Yawanci yana rage nauyi zuwa kashi 50 ko 70 cikin ɗari na asali, wato waƙarmu ta minti huɗu za ta faɗa tsakanin MB 21 da 30. Ba kai kake zaɓar nauyin ba, waƙar ce: kiɗa mai cunkoso da ƙara ba ya matsuwa kamar piyano mai natsuwa. Matakan 0 zuwa 8 da za ka gani a manhaja ba su taɓa inganci, lokacin aiki kawai suke ƙarawa don a rage ɗan nauyi. Ya fi WAV ta wajen riƙe sunan mawaƙi da hoton bango, kuma yana ɗauke da lambar tantancewa da za ta nuna in fayil ɗin ya lalace a hanya. ALAC na Apple aiki ɗaya suke yi, kuma za ka iya juya wannan zuwa wancan sau ɗari ba asara.

Fayil na bit 24 da awo 96,000 kuwa, 4,608 kbps yake ci, MB 138 a minti huɗu kafin a matse. A sutudiyo bit 24 yana da amfani ƙwarai, domin yana ba mai haɗa sauti sarari. Ga mai sauraro, awo 44,100 ya riga ya ɗauke komai har 22,050 Hz, sama da iyakar kunne, bit 16 kuma yana ba da tazarar wajen decibel 96 tsakanin mafi ƙara da mafi shiru. Tura wa mai waya irin wancan fayil cinye masa data ne kawai.

Ina zai sauka?

In dandali za ka ɗora wa, ka tuna duk abin da ka ba shi sai ya sake matse shi da kansa. YouTube yana mayar da sautin AAC da Opus. Spotify FLAC ko WAV yake nema daga kamfanonin rarraba waƙa. Bandcamp, dandalin sayar da waƙa, shi ma WAV ko AIFF (takwaran WAV na Apple) ko FLAC kaɗai yake karɓa, shi ne yake fitar wa mai saye MP3 ko AAC ko duk wanda ya zaɓa. Matsa a kan matsa ita ce babbar ɓarna a wannan harka, kamar fotokwafin da aka yi daga fotokwafi: manhaja ta biyu ba ta san ƙurar da ta farko ta bari ƙura ba ce, sai ta ɗauke ta kiɗa, ta ɓata bit wajen adana ta, ta kuma ƙara tata. Don haka a nan nauyi ba abin dubawa ba ne. Sau ɗaya za ka ɗora MB 30 ɗin, masu sauraro kuwa ƙaramin kwafin da dandalin ya yi za su riƙa saukewa. In manhajar haɗa bidiyonka ba ta barin ka sa sauti marar asara, ka ɗaga AAC ɗin. YouTube da kansa 384 kbps yake ba da shawara ga sitiriyo.

Daga nan ake gane cewa juya MP3 na 128 zuwa 320 ko zuwa FLAC ba ya dawo da komai. Nauyi ne kawai yake ƙaruwa. In aka ba ka fayil kana shakkar asalinsa, manhaja irin Spek tana zana maka sautin, kuma in ka ga an datse komai cak a wajen 16,000 Hz alhali an rubuta 320, akwai alamar tambaya. Amma zanen nan don gano asalin fayil yake da amfani, ba ya auna daɗin sauti. Manhaja tana iya cika zanen har sama ta kuma ɓata tsakiyar, inda kunne ya fi ji.

In kuwa kai tsaye za ka tura wa mutum, ko za ka sa a shafi don a sauke, to kai ne mai matsewa na ƙarshe, nan ne zaɓin yake da nauyi. Ga jama'ar da ba ka san na'urorinsu ba, ni MP3 na V2 nake zaɓa, in data ta yi musu tsada in sauko V5 ko CBR 128. Ga masu wayar zamani, AAC na 128 zuwa 160. Ga shafin da ake saurare a cikinsa, Opus na 96 tare da AAC ko MP3 a gefe don na'urar da ta ƙi. Ga abokin aiki da zai ɗora murya ko ya gyara haɗi, FLAC ko WAV, babu sassauci. Hanyar turawar ma abin kula ce. WhatsApp yana sake matse bidiyo tare da sautin cikinsa, saƙon murya kuma an tsara shi ne don magana a ƙaramin ma'auni, saboda haka kunna waƙa a naɗe ta a matsayin saƙon murya kashe ta ne. In ka tura fayil a matsayin takarda, yadda ka tura haka zai isa, kuma har GB 2 ake yarda, haka ma a Telegram. Gmail kuwa MB 25 ne iyakar abin da za ka maƙala, FLAC guda ma yana iya ƙin shiga.

Na ajiya kuma FLAC ne, daga shi kake fitar da kowane kwafi sabo duk lokacin da aka nema.

Akwai wasu abubuwa da suke ɓata fayil ko su ƙara masa nauyi ba tare da an taɓa kbps ba. Na farko ƙara. In aka tura waƙa har ta manne da silin, wato 0 dB, iyakar ƙarar da fayil zai iya ɗauka, matsewa takan sa wasu ƙololuwar sautin su haura iyaka, sai a ji tsatsagewa a wasu na'urori, kuma mai ita ya ɗora wa MP3 laifi. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta), yana kuma ba da shawarar a bar ƙololuwa a ƙasa da -1 dBTP, wato decibel ɗaya ƙasa da silin, in waƙar ta fi -14 LUFS ƙara a bar -2. Wannan ɗan sararin ya fi ƙarin 64 kbps amfani. Na biyu hoton bango. Mutum zai yi ta tsimi ya kawo waƙa MB 3.8, sannan ya cusa mata hoto mai MB 3 a ciki. Hoton da za a gani a fuskar waya ɗan ƙarami ya wadatar. Na uku, in abin da ka naɗa magana ce zalla daga makirfo ɗaya, ka mayar da shi mono, wato hanya ɗaya. Awa ɗaya a 128 kbps MB 57.6 ce, a 64 kuma MB 28.8, kuma MP3 mono na 64 ya ishi murya, Opus ma rabin haka ya ishe shi.

Duk lambobin nan na gama-gari ne, kunnenka da waƙarka su ne za su tabbatar maka. Sai dai kunne yana bin ido: da zarar mutum ya ga an rubuta 320 sai ya ji ta fi, fayil ɗin da ya ɗan fi ƙara ma yakan zama kamar ya fi kyau. Maganin wannan shi ne gwajin ABX. Manhajar foobar2000 tana da ƙarin da yake yin sa: A asali ne, B wanda aka matse, X kuma ɗaya daga cikinsu ne da ba a faɗa maka ba, kai za ka ce wanne ne. Ka zaɓi sakan goma zuwa ashirin mafi wuya a waƙar, inda farantan ƙarfe ko tafi suka yi yawa, ka yi amfani da iyafis mai waya, domin Bluetooth shi ma sake matse sauti yake yi kafin ya aika. Ka ƙayyade yawan zagayen tun kafin ka fara, misali 16. Wanda yake canka kawai, damarsa ta samun 12 ko fiye daga 16 ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba, don haka in ka kai 12 akwai hujjar cewa da gaske kana jin bambanci. Ka fara daga ƙasa, daga 96, inda bambancin ya fi fitowa, kana hawa mataki-mataki har inda ka kasa kai 12. Matakin da ke sama da wannan da ɗaya shi za ka riƙa fitar da waƙoƙinka a kai, saboda mai sauraron da kunnensa ko na'urarsa ta fi taka.